Ranar da waya ta tsallaka katanga

Asabar, bayan Isha'i. Tafin hannuna har yanzu da shatin filaya, rigar da na cire kuma ta yi fari fat da ƙurar siminti.

Tun makon jiya Baba maƙwabcinmu ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, ina iyali, ya tsadar mai, kafin ya fito da maganar: autarsa za ta zana JAMB, kullum sai ta hau adaidaita zuwa shagon kwamfuta don gwajin tambayoyi. "Ɗana, an ce kana da intanet a gida. Ko za ta riƙa leƙowa wajen matarka?" Na ce Baba, ai gara intanet ɗin ta je ta same ta har ɗaki. Na faɗa cikin isa, kamar shan ruwa.

Da hantsi na shiga gidansu bayan an yi mini iso, waya a hannu ina kallon sandunan siginar intanet ɗin gidana. A soro sanda biyu. Tsakar gida ɗaya. Bakin ɗakin yarinyar kuwa ɗif. Daga falona zuwa nan bai fi taku 25 ba, amma akwai katanga biyu na bulo mai inci 9, ga tankin ruwansu a tsaye daidai tsakani, ga rumfar kwano. Ruwa shanye sigina yake, kwano kuma ya mayar da ita inda ta fito. Rautar tawa, wato na'urar da ke watsa intanet a gidana, tana watsawa a zango biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi gudu amma bango ɗaya ke karya shi, don haka na dogara da 2.4, na matsar da ita daga tasha ta 6, inda rabin layinmu suka cunkushe, zuwa ta 11. Ta ɗan motsa, amma shafi ɗaya sai ka gama shan shayi bai buɗe ba.

Sai titin Beirut, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Kano. Mai shagon ya dage lallai in sayi rifita, wai a jona a soket kawai, magana ta ƙare. Na taɓa ɗanɗanawa. Rifita ɗan aike ne mai kunne ɗaya: sai ya saurara sannan ya maimaita, gudun ya ragu kusan rabi, kuma abin da ya ji shi zai faɗa. Ka ajiye shi inda sigina ta raunana, zai nuna maka sanduna cike alhali ba komai a ƙarƙashi. Na ce ya auno mini kebul ɗin intanet, Cat6, mita 30, in ja daga rautata zuwa ɗakin yarinyar, tunda irinsa yana kai mita 100 ba tare da matsala ba. Na karɓi reza na kankare silin ɗaya a gabansa in ga ko jan ƙarfe ne zalla ko alminiyam aka yi wa shafe. Ya yi dariya ya ce, "Oga, ashe ɗan gari ne." Ya matse mini kawuna biyu, na ƙara da bututun roba saboda rana da ɓeraye.

Huda katanga ya ci mana azahar. Jikan Baba ya riƙe tsani yana ta ba ni shawarwarin da ban tambaya ba.

Tsohuwar rautata ƙirar TP-Link da ta shekara a kwali na kafa a ɗakin, na jona, fitila ta kama, na fara washe baki. Ko minti biyar ba a yi ba na jiyo maiɗakina ta katanga: "Wai me ka taɓa ne? Tawa ta ɗauke!" Ashe na manta ban kashe DHCP, wato mai raba wa na'urori adireshi, a tsohuwar ba, kuma duka rautocin biyu suna kan adireshi ɗaya, 192.168.0.1. Masu rabon adireshi biyu a gida ɗaya, kowa na cewa shi ne mai unguwa. Na zare kebul, na mayar da ita 192.168.0.2, na kashe rabon, na soka a ramin LAN, na haɗa na'urorin cikin gida, maimakon WAN, na karɓo intanet daga waje. Yarinyar ta buɗe tambayoyin kimiyyar sinadarai, suka zubo nan take. Ta ce, "Yaya, na gode," ba ta ko ɗago kai ba.

Wahalar gaske bayan La'asar ta zo. Baba ya fito da kuɗi a naɗe cikin leda, na ce haba Baba, ya ce haba ɗana, muka yi ta turawa juna. A raina kuwa lissafi nake: gidan akwai samari uku, kuma na san yadda TikTok ke lashe data. Kunya ta hana ni faɗa. Shi ya cece ni. Ya ce kalmar sirrin a sa ta a kwamfutar yarinyar kaɗai, kada a faɗa wa kowa, har shi, kuma duk wata zai kawo kashi ɗaya cikin uku na kuɗin data. Na karɓa a kan haka. Na kuma roƙe su in damina ta faɗi, da an ga hadari a zare kebul ɗin, don tsawa ba ta san maƙwabtaka ba.

Ana kiran Magariba aka ɗauke wuta. Tawa rautar tana kan ƙaramin batir, ta ci gaba da ƙiftawa. Tasu ta mutu murus. Sam wannan bai zo mini a rai ba. Ɗazu jikan ya shigo da kwanon tuwo da miyar kuka, da saƙon Baba wai yaya za a yi. Na ce ya gaya masa Litinin zan koma kasuwa.