Silifas ɗin da ya cinye ta baki

A aji biyu na karatun gashin ƙashi, haddar tsokoki na yi kamar mai tilawa. Huɗu a gaban cinya masu miƙe gwiwa, uku a baya masu lanƙwasa ta, ta ɗuwawu da ta fi kowace girma, sai siririyar da ta ratsa cinya a karkace, mafi tsawo a jiki, wadda ake kira sartoriyas, wato tsokar tela, saboda zaman harɗe ƙafa na telolin da. Na ci jarrabawa sarai, har ina jin kaina.

Ina aikin koyo a wani asibiti a cikin gari sai ga wata uwa daga Kurna da ɗanta mai shekara shida. Yana tafiya yana ɗaga gwiwar dama kamar mai tsallake kwata, tafin ƙafar na faɗowa ƙasa fat, fat. Silifas ɗinsa na dama ya cinye ta baki, an ɗaure masa shi da kyauro a dunduniya don kada ya riƙa zamewa.

"Likita, ko shan-inna ne?" in ji uwar. A asibiti dai kowane mai farar riga likita ne.

Na duƙufa kan ƙafar. Na taɓa agara, na matsa sha-raɓa, na juya idon sawu, na gano tsokar gaban ƙwauri mai ɗaga ƙafa sama ba ta motsi. Na rubuta na kai wa malamarmu. Ta karanta ba ta ce uffan ba, ta juya ga uwar: "Baiwar Allah, an yi masa allura kwanan nan?" Ƙwarai kuwa, sati uku da suka wuce, zazzaɓi ya yi aka kai shi kemis. Uwar ta sa yatsa ta nuna wurin: tsakiyar ɗuwawu, can ƙasa-ƙasa.

Kunya ta rufe ni, don na san amsar tun a aji. Jijiyar sayatika, wadda ta fi kowace girma, daga ƙasan baya take fitowa, ta bi ƙarƙashin tsokar ɗuwawu, ta gangara bayan cinya, kafin bayan gwiwa ta rabu biyu. Reshen da ya zagaya gefen gwiwa ta waje shi ke kai saƙo ga tsokar gaban ƙwauri, shi ne kuma allura ta fi raunatawa. Dalilin ke nan da ake raba ɗuwawu gida huɗu a yi allura a na sama ta waje, jarirai kuma a yi musu a gefen cinya. Malama ta shafa auduga a bayan ƙafar yaron, ya ce bai ji ba. Shan-inna ƙarfi take ɗaukewa, ba ta ɗauke ji. Duk da haka sai da aka kai rahoto aka ɗauki bayan-gidansa don gwaji, don haka ƙa'idar take ga duk yaron da bai kai shekara 15 ba in gaɓarsa ta saki farat ɗaya.

Uwar ta ce, "To jijiya ce ta tsinke?" Nan ma na daburce, don a Hausa jijiya ɗaya ce: ta jini, ta agara, da mai kai saƙo. Malama ta nuna fankar silin ta ce, "Fankar lafiyarta ƙalau, wayar ce ta taɓu." Nan take matar ta gane abin da na yi minti goma ina kame-kame a kansa.

Aka yi masa takalmin roba mai tallafe ƙafa, aka koya wa uwar miƙar da agara safe da yamma don kada ta ƙanƙance, tunda jijiya kusan milimita ɗaya take tohowa a rana. Wata na huɗu, ana gobe zan bar sashen, na ce masa, "Ɗaga mini babban yatsa." Ya cije leɓe, yatsan ya ɗan motsa. Uwar ta ce in sake sa shi, ba ta gani da kyau ba.