Zangona na farko a majalisar dokokin jiha

Dokar da ta ba ni damar tsayawa takara ita ce gyaran kundin tsarin mulkin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, wanda ya rage shekarun ɗan takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. A zaɓen 2019 na samu kujerar mazaɓarmu ban kai shekara talatin ba. Muka cike takardar bayyana kadarori ta Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, aka rantsar da mu a watan Yuni, aka ba ni kujera can baya, inda ake zaunar da sababbin shiga.

Abu na farko da na gane shi ne cewa a majalisa ana auna mutum ne da yawan zangon da ya yi, kuma ƙuri'un da ya samu a gida ba su ƙara masa matsayi a cikin zaure. Waɗanda suka dawo karo na biyu ko na uku su ne ke samun shugabancin manyan kwamitoci, kuma su ne idon Kakaki ya fi saurin gani idan an ɗaga hannu. Wani dattijo cikinsu, wanda na riƙa zuwa gaishe shi a ofis, ya ce mini: "Ɗana, ka fara haddace littafin ƙa'idojin majalisa kafin ka nemi a ji muryarka." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Shawarar ta yi mini amfani matuƙa, domin ɗan majalisar da ya san dokar da zai kafa hujja da ita yana iya tsayar da muhawara komai ƙanƙantar shekarunsa, wanda kuma bai sani ba, ko gaskiya ce a bakinsa, mai tsawatarwa zai zaunar da shi.

Sashe na 97 na kundin 1999 ya ce da Turanci ake gudanar da harkokin majalisar jiha, amma ya ba ta damar ƙarawa da wani harshen da ake yi a jihar idan ta yanke hakan. Na lura cewa duk ranar da aka koma Hausa, mutanen da suka fi kowa sanin halin ƙauyukansu, waɗanda kan yi shiru, sai su buɗe baki su faɗi abin da ke gyara doka. Har yanzu ina ganin majalisun Arewa ba su ci moriyar wannan sashe yadda ya kamata ba.

Ƙudirina na farko na gaggawa ne, a kan asibitin shan magani na wata gunduma da rufinsa ya yaye. Majalisa ta amince baki ɗaya, gidajen rediyo suka ɗauka, mutanen gida suka yi ta kira suna sa albarka. Sai dai matsayar da majalisa ta cimma a kan irin wannan ƙudiri kira ne kawai ga ɓangaren zartarwa, ba ta tilasta wa kowa komai. Abin da ke da haƙori shi ne doka, ita kuwa sai ta bi karatu na farko da na biyu, ta je kwamiti, a ji ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, sannan a miƙa wa gwamna, wanda sashe na 100 ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya tabbatar da ita, amma a jihar da jam'iyya ɗaya ta mamaye kujeru, da wuya a ga wanda zai fara ɗaga wannan magana.

Inda na sami aikin yi na gaske shi ne kwamitin lafiya, musamman lokacin kare kasafin kuɗi. A nan na koyi cewa akwai tazara mai faɗi tsakanin abin da aka ware a takarda da abin da aka saki. Wani ma'aikacin kwamitin, wanda ya ga majalisu da dama sun zo sun wuce, shi ya nuna mini yadda zan ajiye kasafin bara kusa da rahoton aiwatar da shi, in bi layi bayan layi. Da haka na riƙa gano ayyukan da ke dawowa kowace shekara da suna ɗaya ba tare da an aza ko bulo ba. Ta nan kuma na fahimci Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadar wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da sharuɗɗan da jiha za ta cika kafin asibitocinta su amfana. Tambaya ɗaya da aka yi wa kwamishina da lambobi a hannu, a ƙaramin ɗakin da babu 'yan jarida, ta fi jawabi goma a zaure tasiri. Rufin asibitin nan ma ta wannan hanya ya shiga kasafi.

Mafi nauyin abin da na ɗauka kuwa a gida yake. Tun da asuba ƙofa cike take da masu takardar magani, da masu kuɗin makaranta, da masu neman aiki, da masu hidimar aure ko suna. Ba na ganin laifinsu, domin wanda matarsa ke kan gadon asibiti ba zai jira karatu na uku ba, kuma Onorabul shi ne gwamnatin da ya san gidanta. Amma albashi da alawus ba za su ɗauki mazaɓa ba, kuma wannan matsin ne ke tura matasa da yawa ƙofar ɓangaren zartarwa neman kwangila, daga nan kuma bakinsu ya mutu a wajen sa ido. Abin da na yi shi ne na buɗe ofishin mazaɓa mai rajista, na keɓe abin da zan iya bayarwa kowane wata ga marasa lafiya da ɗalibai, na kuma riƙa zama da masu unguwanni da limamai da shugabannin mata ina karanta musu abin da kasafi ya tanadar wa kowace gunduma, domin su san ma'aikatar da za su tambaya da kuma adadin da za su tambaya a kai. Wasu sun ji haushi sun ce na cika boko, wasu kuma suka fara zuwa zaman jin ra'ayin jama'a da takardarsu a hannu.