Tiyatar kwalliya: shirin da ake yi kafin ranar, da jinyar da ke biyo baya

Jiki bai san wani abu wai shi tiyatar kwalliya ba. Da zarar an yanka fata, jini zai zuba, wuri zai kumbura, ciwo zai nemi warkewa, ko don ceton rai aka yanka ko don gyaran sura. Bambancin guda ne: wanda aka garzaya da shi asibiti cikin dare ba shi da zaɓi, amma mai son a ɗame masa ciki, ko a gyara hanci, ko a rage nono, ko a zuƙe kitse, shi yake tsayar da rana. Lokaci yana hannunsa. Shi ya sa abin yake da ciwo a ga matsalar da shirin wata guda zai iya karewa ta ɓata aikin gaba ɗaya.

Da taba zan fara, domin ita ce babbar maɓarnaciya. A aikin ɗame ciki, ɗaga nono ko jan fatar fuska, likita yana ɗaye fata daga naman da ke ƙarƙashinta, ya ja ta, ya ɗinke. Yawancin ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ita jini sun yanke ke nan, sai 'yan kaɗan da suka rage ta dogara da su. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana tsuke waɗannan 'yan kaɗan ɗin. Sakamakon shi ne bakin ɗinki ya yi baƙi, fatar ta mutu, ciwon ya buɗe, a shafe watanni ana wanki. A daina aƙalla mako 4 kafin aiki, kuma kada a koma sai bayan wani mako 4 ko fiye. Sigari, shisha, taba mai lantarki, har cingam ɗin nikotin duk ɗaya ne a nan. Kuma kada a ɓoye wa likita. Gara ya ɗage ranar.

Sai magunguna. Asfirin yana hana ƙwayoyin da ke tsayar da jini aiki har ƙarshen rayuwarsu, wato kwana 7 zuwa 10, don haka ƙwaya ɗaya da aka sha don ciwon kai ana saura kwana 3 tana iya sa jini ya taru ƙarƙashin fata. Ibufurofen da danginsa ma ana dakatar da su, haka bitamin E, man kifi, ƙwayoyin tafarnuwa da sauran haɗe-haɗen gargajiya, galibi mako 2 kafin ranar. Amma wanda likitan zuciya ya ɗora kan asfirin ko maganin tsinka jini, kada ya daina da kansa. Likitocin biyu ne za su tsara. Ƙwayar tsarin iyali mai ɗauke da sinadarin istirojin tana ƙara haɗarin daskarewar jini, sau da yawa akan ce a ajiye ta mako 4 kafin babban aiki, a koma wata hanyar. Masu allurar rage ƙiba irin su Ozempic su gaya wa likitan sa barci, domin tana jinkirta saukar abinci daga ciki, kuma abincin da ya rage yana iya komawa huhu lokacin da mutum ba ya cikin hayyacinsa.

Wannan ne ma dalilin hana cin abinci kafin aiki: awa 6 babu abinci, ruwa zalla kuma har zuwa saura awa 2, sai dai in asibitin ya ba da wani umarni. Madara abinci ce, ba ruwa ba.

Gwajin jini ba ɓata lokaci ba ne. Mai ƙarancin jini bai kamata a zuƙe masa kitse mai yawa ba sai an gyara. Suga da ba ta daidaita ba tana jawo ƙwayoyin cuta ta hana ɗinki kamawa. Hawan jini yana sa ƙananan jijiyoyin da aka toshe su sake ɓallewa. Mai amosanin jini kuwa lamarinsa na buƙatar tsari na musamman. Nauyin jiki ya tsaya wuri ɗaya na wasu watanni, kuma macen da ke da niyyar ƙara haihuwa ta jinkirta ɗame ciki, don juna biyu zai sake buɗa naman da aka haɗe.

Tambayoyin da za a yi wa likita ba su da yawa, amma a yi su ido da ido. Shin ƙwararre ne a fannin, da takardar shaida? Wa zai sa barci, kuma zai tsaya har a gama? In abu ya ɓaci da tsakar dare, wa za a kira, ina za a kai mutum? Zuƙe abin da ya haura lita 5 babban aiki ne da ke buƙatar kwana a asibiti ana sa ido. Wanda za a ɗura masa kitse a mazaunai ya tambaya kai tsaye a ina za a zuba shi. Ƙarƙashin fata kaɗai ya kamata. In ya shiga cikin tsoka, yana iya faɗawa babbar jijiya ya wuce huhu, kuma wannan kan kashe nan take. A ganina, likitan da ya ji haushin irin waɗannan tambayoyi ba wanda za a miƙa wa jiki ba ne.

Bayan an fito, awa 24 na farko dole a samu babban mutum a kusa, ba tuƙi, ba sa hannu a takarda mai muhimmanci. A wannan lokacin ne jini ya fi taruwa: gefe ɗaya ya kumbura fiye da ɗayan cikin sauri, ya yi tauri, zafin ya ƙi jin magani. Wannan ba na jira zuwa safiya ba ne.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne kwanciya. Suna ganin hutu na nufin kada a motsa, alhali zama wuri ɗaya shi ke daskarar da jini a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. A tashi a ɗan taka tun ranar farko ko washegari, minti kaɗan duk bayan awa 2, da wani yana riƙe. Ciwo ko kumburi a sharaɓar ƙafa ɗaya, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji: asibiti, nan da nan. Doguwar tafiya a jirgi ko mota a makonnin farko tana ƙara wannan haɗarin, wanda ya yi aiki nesa da gida ya lissafa kwanakin zama tun kafin ya sayi tikiti.

Kwanciya tana bin irin aikin. Na hanci da fuska, kai a sama da filo biyu ko uku. Na ciki, a rigingine, gwiwa a lanƙwashe, tafiya ma a ɗan sunkuye na kwanaki don kada ɗinki ya ja. In an sa robar janye ruwa, a riƙa juye ta ana rubuta adadin; galibi ana cirewa idan abin da ke fita ya gaza mililita 30 a awa 24. Cire ta da wuri yana barin ruwa ya taru, sai an riƙa zuƙewa da allura. Rigar matsi ana sa ta mako 4 zuwa 6, ta kama jiki amma kada ta naɗe ko ta hana numfashi. Kaya mai nauyi, har da ɗaukar yaro, sai bayan kusan mako 6. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a awa 24, a duba kuma ko yana cikin sauran ƙwayoyin da aka bayar. Magungunan rage zafi masu ƙarfi suna ɗaure ciki, yunƙuri kuwa yana wahalar da ɗinki, sai a yawaita ruwa a nemi maganin sassauta bayan gida tun da wuri. Zazzaɓi da ya kai digiri 38 a ma'aunin Selsiyos, ja mai yaɗuwa, mugunya ko wari, alamun ƙwayoyin cuta ne.

Kumburi yana kai ƙarshensa a kwana na 2 zuwa na 3, kuma a daidai nan ne mutane da yawa kan dubi madubi su yi nadama, wasu har da kuka. Abu ne sananne, yana wucewa. Surar gaskiya sai bayan watanni, kan hanci ma yakan kai shekara. Tabo yakan yi ja ko duhu, ya yi tauri a watannin farko, ba ya gama daidaita sai wata 12 zuwa 18. Bayan ciwo ya rufe sarai, ana manna masa ledar silikon na wasu watanni, a kare shi daga rana. Masu baƙar fata sun fi samun tabon nan mai tasowa ya yi tudu ya zarce bakin ciwon. Wanda hujin kunne ko wani tsohon rauni ya taɓa yi masa haka ya nuna wa likita tun zaman farko, domin yana iya canza inda za a yanka, ko a tsara allurar da za a fara yi wa tabon da zarar ya fara tashi.