Fitilar keke a hanyar da babu haske

Makon jiya dare ya yi mini a hanya ina kan keke. Babu fitilar titi ko ɗaya, wata kuma bai fito ba. 'Yar fitilata mai lumen 100 (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske) ba ta haska komai sai ɗan wuri gaban taya. Ban ga ramin ba sai da na afka ciki, gwiwata ta ɗaye.

A cikin gari ta ishe ni, domin aikinta kawai ta sa masu mota su gan ni. A cikin duhun daji kuwa ni ne nake bukatar ganin hanya, tun daga nesa, kafin in taka birki.

Na sayi mai lumen 800, amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda take shimfiɗa haskenta a ƙasa, da faɗi, har ina ganin gefen hanya inda dabba kan ɓullo ba zato. Nakan ɗan sunkuyar da kanta don kada in kashe wa mai tahowa ido. In ka ƙure haskenta batir ba ya daɗewa, shi ya sa nake barinta a matsakaici, sai a gangara nake ƙarawa.

Na kuma ɗaura jar fitila a baya, wadda a da nake rainawa. Yanzu ba na fita sai na yi musu caji, da ƙaramar tocila a aljihu saboda ko ta kwana.