Ku fara daga "daman"

Ranar Talata da safe nake da 'yan aji ɗaya, darasin Turanci da kowane sabon ɗalibi sai ya ɗauka, ko likitanci yake karantawa ko tarihi. Makon jiya na ba su aiki ƙarami: sakin layi ɗaya tak, da Turanci, a kan abin da ke sa farashin hatsi ya sauka a kasuwar Dawanau idan kaka ta yi.

Da daddare na zauna duba takardun. Wata yarinya, Turancinta tsaf, ta cika rabin shafi tana ba ni labarin Kano cibiyar kasuwanci, da Kurmi, da fatake, saura kaɗan ta ce ko da me ka zo an fi ka. Sai a layi na bakwai hatsi ya leƙo. Fiye da rabin ajin haka suka yi.

Da muka haɗu na ce ta ajiye takardar ta amsa mini da Hausa. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Malama, ai da kaka kowa ya girbe ya kawo, kaya sun fi masu saye yawa, dole kuɗi ya faɗi." Na ce to wannan ita ce jimlarki ta farko, ina kika ɓoye ta?

Ban ga laifinta ba. Mu ba a tashe mu mu faɗo wa mutum da buƙata ba. Sai an yi ina kwana, ya gida, ya yara, ya gajiya, an ɗan yi shiru, sannan a ce "daman na zo ne..." Tarbiyya ce, kuma ni ma ba zan so 'yata ta rasa ta ba. Sai dai sakin layin Turanci na jami'a daga wannan "daman" yake farawa. Jimlar farko ta ɗauki jigon, sauran duk su yi mata hidima: dalili, misali, sannan bayanin yadda misalin ya tabbatar da maganar. Wannan na ƙarshen shi suka fi tsallakewa. Sai ɗalibi ya ce manomi na sayar da gero da wuri don ya biya bashin taki, ya sa aya ya wuce, bai ce hakan yana ƙara cika kasuwa ba. Yana ganin ai mai karatu ya gane.

Sai kuma cutar "moreover" da "however". Sun haddace su tun lokacin WAEC, suna barbaɗa su kamar yaji a tsire. Nakan ce ɗalibi ya mayar da kalmar Hausa. Idan ya ce "amma" ya ji babu abin da aka saɓa wa, da kansa yake sokewa yana dariya.

Jiya suka dawo da gyara. Wani saurayi daga can bayan aji ya rubuta jimla biyar, jigo a gaba, misali ɗaya na buhun masara, babu ko kalma ta banza. A can ƙasan takardar kuma, da ƙaramin rubutu, ya sa: "Malama, barka da aiki, ya gida?"