Tayar da ta suɗe ba tayar tsere ba ce

Wani direba mai ɗauko shinkafa daga Haɗeja ya tsaya a rumfata nan Gujungu in ƙara masa iska. Na nuna masa tayar gaba ta suɗe sumul, sai ya ce: "Haba mai faci, ai motocin tseren Turawa ma tayarsu ba zane." A waya ya gani, kuma ba ƙarya ya yi ba. Rabin zancen kawai ya ɗauka.

A busasshiyar kwalta, gwargwadon robar da ta taɓa ƙasa, gwargwadon riƙo. Shi ya sa tayar motocin gasar tsere ta Formula 1 take sumul. Daga 1998 zuwa 2008 ma da gangan aka tilasta yi mata layuka don a rage musu gudu a kwana. Amma robarsu mai laushi ce, da bargon lantarki ake ɗumama ta kafin a ɗaura, tana ɗanko a titi, kuma kafin tsere ya ƙare an canza ta. Ruwa na saukowa kuwa, kowa sai ya garzaya a sa masa mai zane. Kamfanin Pirelli, da ke ba su taya tun 2011, yana da mai koren layi ta yayyafi, da mai shuɗi ta mamakon ruwa.

Zane magudanar ruwa ne. Ruwan ya shiga ramukan ya fice ta gefe, roba ta samu kwalta ta kama. In zanen ya cinye, ruwa ba shi da wurin zuwa, sai ya taru a gaban taya ya ɗaga ta sama. Ka taka birki, ka murɗa sitiyari, mota ba ta san kana yi ba. Ruwan farkon damina ya fi haɗari, don ƙura da baƙin man da suka kwanta a titi duk rani sun jiƙe sun koma santsi.

Zurfin zanen sabuwar tayar mota kusan milimita 8 ne, a Turai kuma doka ta hana hawa in ya gaza 1.6. Ba sai da ma'auni ba: leƙa cikin ramin, akwai ɗan tudun roba. Ya yi daidai da saman taya, ta gama aiki.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu sassaƙa wa tsohuwar tayar ƙaramar mota sabon zane da wuƙa. 'Yar robar da ta rage a kan wayar cikin taya suke yankewa, a ɗora wa motar fasinja da kaya a ranar kasuwa, cikin zafin Afrilu. An sha kawo min, ba na yi.