Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da Gola Ya Kunyata Lissafina

A makon jiya mun tsaya ne inda na ajiye aiki a masana'antar famfon ruwa, bayan shekara biyar ina zana ƙarafan da ba mai tunawa da su sai ranar da suka lalace. Da na ce kamfanin kayan wasanni zan koma, wani abokin karatuna har da riƙe ciki don dariya: "Duk baƙar wahalar da muka sha a lissafi, a ƙwallo za ka ƙare?"

Ɗakin gwaji aka fara tura ni. Dokar wasa ta ce kewayen ƙwallo ya kasance santimita 68 zuwa 70, nauyinta giram 410 zuwa 450. Wannan mai sauƙi ne. Akwai injin da ke sako ta daga tsayin mita 2 a kan farantin ƙarfe a auna tashinta, akwai mai murza ta cikin ruwa a ga nawa za ta sha, sai kuma wanda ke harba ta sau 2,000 a ga ko za ta karkace. Wata uku ina gaban wannan na ƙarshen, har a barci ina jin ƙararsa.

Da aka ba ni damar yin zane na kaina, sai na yi tunani irin na mai ƙera famfo: duk abin da ya fi santsi ya fi kyau. Na rage yawan ɓangarorin fatar, aka manne su da zafi maimakon ɗinki, mahaɗar ta zama kamar babu. Ta haye kowane gwaji. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ranar fili. An kawo wani gola da ya daɗe a harkar, aka yi masa bugu goma daga nesa. Ya cire safar hannu, ya tako har inda nake.

"Injiniya, ƙwallon nan mayaudariya ce. Tana nufo ni, sai ta sake shawara a hanya."

Na ɗaga masa takardar sakamako. Ko kallonta bai yi ba.

Shugabanmu, dattijo mara yawan magana, ya ja ni gefe ya ce, "Ka manta da Jabulani ne?" Ƙwallon Adidas ke nan ta gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, mai ɓangare 8 maimakon 32 da aka saba, wadda masu tsaron raga suka yi ta kuka da ita. Ashe ɗinkin da na raina shi ke dagula iskar da ke lulluɓe da ƙwallo, ya sa ta manne mata. In babu shi, bugun da bai sa ta juyawa ba sai ya bar ta tana lilo. Shi ya sa ƙwallon golf take da ramuka, shi ya sa kuma Brazuca, ƙwallon gasar cin kofin duniya ta 2014, duk da ɓangarenta 6 ne kacal, aka tsawaita mata mahaɗa aka ƙara mata zurfi.

Abin haushin, duk wannan na karanta shi a aji uku na jami'a, har na ci jarrabawarsa.

Washegari dattijon ya ajiye mini mabuɗin ɗakin gwajin iska a kan tebur, tare da lambar wayar golan. Yadda muka kwashe da shi a can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.